Gora Uku na Tanoma

A Gidan Korau, gabas da Sumaila,
inda hanya ke ƙarewa a gindin ɗorawa,
kakata Tanoma ta adana sunaye
yadda take adana irin shuka:
kowane iri da goransa.

Goran farko na rana ne, a buɗe yake.
Allah, in ta yi tuntuɓe.
Mai Sama, in hadari ya haɗo ya watse.
Mai Duka, ranar da akuyarta ta mutu da ciki,
ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu,
ta ce, "Mai abu ya ɗauki abinsa,"
ta koma turmi ta ƙarasa surfe.

Na biyu na almuru ne, ba ya wuce leɓe.
Ba ta cewa iska, ba ta cewa aljani.
Mutanen ɓoye, haka take ce musu,
ko masu tsamiya, ko kuwa "waɗancan."
In za ta zubar da ruwan zafi a bayan ɗaki
sai ta yi bisimilla, ta yi gyaran murya:
"A janye yara, ga zafi nan tafe."

Na uku ta liƙe bakinsa da laka.
Sunayen gidan ubanta ne,
tun ana yanka baƙin bunsuru a bakin gona.
Sau ɗaya na ji ta ambaci Uwar Gona da Kure,
muna ɓarar gyaɗa, babu kowa.
Ta ce, "Na sallame su ranar da na fara alwala.
Ba na kiransu. Ba na kuma zaginsu,
don uwata ta mutu da su a baki."

Sai na tafi karatu Wudil,
na dawo da casa'in da tara a ka,
ina jero su kamar mai ƙirga kuɗin wani.
Na same ta tana tsince wake a faifai.
Na ce, "Kaka, Mai Sama ba ya cikin lissafi.
Ki ce Rahimu, ki ce Wahabu."
Ta gwada, harshenta ya sarƙe,
ta yi dariya har wake ya zube.

Ta ce, "To, malam, ce mini Ubangiji."
Na ce.
"Ɓara shi biyu, kamar goro."
Uban. Giji.
"Giji gida ne a bakin mutanen da.
Kullum kuna ce Masa mai gida,
ku masu allo, ba ku ma sani ba.
Ubanka fa? Kai ka ce Baba,
'yan kasuwa su ce Nomau mai barkono,
ni in ce Ɗan'auta, duk da furfurarsa.
Wuya nawa yake juyowa da shi?"

Ban amsa ba. Na duƙa ina tsince wake.

Ta rasu da kaka, dawa na tsaye a gona.
Ni na laƙƙana mata kalmar shahada,
ta karɓa sarai, ba sarƙewa,
sa'an nan ta ƙara wata a ƙasan numfashi
wadda kunnena bai kama ba.
Na daɗe ina tsoron daga wane gora ta fito.

Bara, a asibitin Sumaila, ƙarfe biyun dare,
'yata Hadiyya na shiɗewa a kan cinyata,
wuta ta ɗauke, nas ta tafi neman fitila.
Na buɗe baki in jero casa'in da tara,
na nemi na farko a kaina, ya ɓuya.
Abin da ya fito, da muryar da ba tawa ba:
"Mai Sama. Mai gida. Ga yarinya nan."

Da asuba ta nemi koko.
Na yi alwala a famfon bakin ƙofa,
sunayen suka dawo ɗaya bayan ɗaya
kamar tumaki da yamma,
na ƙirga su, sun cika cif,
ga kuma nata biyu a tsakiyar garke.
Ban kore su ba.